Ku Tambayi Dakta: "Ina so in koyi gyaran ƙwayoyin gado, Baba ya ce in nemi aikin banki"

Wasiƙu huɗu na ware a wannan watan, duk a kan abu guda suka haɗu: sabbin hanyoyin da ake gyara ƙwayoyin gado da kuma horar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon daji. Ta farko ta cinye mini fili, sauran ku yi mini haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti Dakta. Ni ɗaliba ce a aji huɗu na jami'a, ina karanta bayokemistiri. Wani malaminmu ya yi mana darasi a kan CRISPR, wato almakashin da ake yanka ƙwayoyin gado da shi, da yadda ake gyara sojojin jikin mutum su kashe ciwon daji. Tun ranar abin ya tsaya mini a rai, ina so in zama malamar jami'a mai irin wannan bincike. Baba ya ce in gama in yi bautar ƙasa in nemi aikin banki, wai binciken ba ya ciyar da kowa. Don Allah yaya hanyar take, shekara nawa ake yi, kuma mutum yana iya riƙe kansa da ita? Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: Wa'alaikis salam 'yata. Kafin komai, kada ki riƙe Baba a zuciya. Lissafin da ya yi na uba ne, kuma bai yi kuskure duka ba. Bari in ba ki tarihin mutum ɗaya wanda kusan duk mai wannan fanni ya san sunansa, ki ƙirga shekarun da kanki, sannan ki koma ki zauna da Baba.

Sunansa Carl June, Ba'amurke ne, an haife shi a 1953. Makarantar sojan ruwa ya yi, ya gama a 1975, rundunar ta biya masa karatun likita ya kammala a 1979. Ko a mafarki ba ciwon daji ya sa gaba ba. Ya taɓa zama a Jeniba yana aiki a kan garkuwar jiki da zazzaɓin cizon sauro, daga baya aka tura shi Seattle ya koyi dashen ɓargo, domin a lokacin yaƙin cacar baka sojan ruwa na tsoron ranar da tururin nukiliya zai lalata ɓargon ma'aikatan jiragensu. Da ya dawo cibiyar binciken rundunar a Bethesda, aikin da ya samu kuɗin yi ya fi karkata ga cututtuka masu yaɗuwa, musamman ƙanjamau. To ƙanjamau kuwa ƙwayoyin T take cinyewa, wato wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini waɗanda su ne zaratan sojojin jiki. Dole ta sa ya koyi yadda ake fitar da su daga jikin mutum a raine su a cikin roba har su hayayyafa.

Nan ne nake so ki tsaya. Shi da abokin aikinsa Bruce Levine sun shafe shekarun 1990 a kan abin da ba ya shiga jarida: wasu mitsi-mitsin ƙwallaye masu maganaɗisu da ake shafa musu sinadarai biyu, ɗaya ya taɓa wata alama mai suna CD3 ɗaya ya taɓa wata mai suna CD28 a jikin ƙwayar T, sai ta farka ta fara rabuwa. Aiki ne irin na mai kiwon kaji, a duba da safe, a duba da yamma, a canza ruwan abinci, a ƙirga. Amma da babu wannan kiwon, da duk abin da ya biyo baya bai yiwu ba.

A 1996 aka gano matar June tana da sankarar ƙwan mahaifa, ta rasu a 2001. A tsakanin nan, a 1999, ya koma Jami'ar Fensilbeniya a Filadelfiya. Dubi rashin sa'ar lokaci: a watan Satumba na wannan shekarar wani saurayi ɗan shekara 18, Jesse Gelsinger, ya mutu a wani gwajin maganin ƙwayoyin gado a jami'ar, a hannun wata tawagar daban. Fannin gaba ɗaya ya shiga baƙin jini, masu ba da kuɗi suka ja da baya. A irin wannan yanayi mutumin ya ci gaba da abin da ake kira CAR-T.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Ana haɗa majiyyaci da wani inji da ke tace fararen ƙwayoyin jininsa ya mayar masa da sauran. A lab sai a ɗauki ƙwayar HIV da aka kwance wa makamai, ta zama ɗan aike kawai, a ɗora mata saƙon gado ta shigar da shi cikin ƙwayoyin T. Saƙon yana sa su tsiro da wata ƙugiya a bayansu wadda ke gane alamar CD19, alamar da ke jikin wasu ƙwayoyin sankarar jini. A hayayyafa su su kai miliyoyi, a mayar wa mai su ta jijiya. Ba June ne ya fara tunanin ba. Zelig Eshhar na Cibiyar Weizmann a Isra'ila ya ƙera samfurin farko tun ƙarshen shekarun 1980, Michel Sadelain a New York da Steven Rosenberg a cibiyar binciken ciwon daji ta gwamnatin Amurka duk sun daɗe a kai, kuma wani ɓangare na ƙugiyar da aka yi amfani da ita a Filadelfiya ya samo asali ne daga aikin Dario Campana a asibitin St. Jude. Har kotu aka je a kan haƙƙin mallaka. Na faɗa miki wannan ne don ki san masu farar riga ma suna rigimar gado kamar kowane gida.

Da aka zo gwada maganin a jikin mutane, cibiyar ciwon daji ta gwamnati ba ta ba da kuɗin ba. Ƙungiyoyin agaji ne suka tallafa, ciki har da wata da wasu ma'aurata suka kafa bayan sankarar mama ta kashe surukarsu. Kuɗin majiyyata uku kacal ya isa. A 2010 aka yi musu, aka wallafa sakamakon a 2011: biyu cutar ta ɓace musu gaba ɗaya, ɗaya ta ragu. Bayan shekara goma aka sake dubawa aka tarar ƙwayoyin da aka gyara suna nan a jinin mutanen biyu suna sintiri.

Labarin da nake ba ɗalibaina kowace shekara shi ne na 2012. Wata yarinya 'yar shekara 6, Emily Whitehead, sankarar jininta ta dawo sau biyu bayan kemo. A watan Afrilu aka yi mata CAR-T a asibitin yara na Filadelfiya, a hannun likita Stephan Grupp. Cikin kwanaki zazzaɓi ya rufe ta, jini ya faɗi, aka sa ta a injin numfashi. Gwajin jini ya nuna wani sinadarin garkuwar jiki mai suna IL-6 ya yi tashin gwauron zabi. June ya san wani magani, tocilizumab, da ke toshe wannan sinadari, kuma ba daga littafin ciwon daji ya san shi ba. 'Yarsa ce ke fama da amosanin gaɓɓai tun tana ƙarama, shi ya sa yake bibiyar magungunan cutar. Aka ba yarinyar, ta farfaɗo, ta farka ranar da ta cika shekara 7. Yau ta girma har ta shiga jami'a. Ranar 30 ga Agusta 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin da sunan Kymriah, kamfanin Novartis ya sa masa farashin dala 475,000.

To ƙirga: daga 1979 zuwa 2017 shekara 38 ke nan. A lokacin June yana da shekara 64.

Shi CAR-T na farko ƙara saƙo ne, ba a goge komai. Gyara na ainihi, wato a je daidai wurin da ake so a cikin DNA a yanke, ya zo ne da wasu almakasai. A 2014 tawagarsa ta wallafa gwajin da aka yi wa masu HIV su 12, inda aka lalata ƙofar CCR5 da ƙwayar cutar ke bi ta shiga ƙwayoyin T, da wani tsohon almakashi da ya riga CRISPR. A farkon 2020 kuma, tare da likita Edward Stadtmauer, suka fitar da sakamakon gwajin CRISPR na farko a Amurka a kan masu ciwon daji: mutum uku, aka cire ƙwayoyin gado uku daga sojojinsu, ciki har da PD-1 wadda take kamar birki. Ƙwayoyin sun rayu a jiki har wata tara ba tare da wata mummunar illa ba, amma ba su warkar da kowa ba. Wannan ma sakamako ne, kuma a babbar mujalla ya fito. Ki saba da haka tun yanzu.

Sai hanyar da za ki bi. Bayan digirin farko akwai na biyu, shekara ɗaya zuwa biyu. Digirin digirgir shekara huɗu zuwa shida. Daga nan ba a ba ki lab, sai kin yi abin da muke kira fosdok, wato ki zauna a ƙarƙashin wani farfesa da kwantiragin shekara biyu ko uku, sau da yawa a sabunta ko ki koma wani wuri. Idan komai ya tafi daidai, wajen shekara 35 zuwa 40 ne za ki samu ɗakinki da ɗalibanki. Ranar kuma hannunki zai fara barin fifet, wato ɗan bututun ɗiban ruwa na lab, ya koma kan kwamfuta, domin shugaban lab rabin rayuwarsa rubutun neman tallafi ne, kuma yawancin takardun da ya aika ana mayar masa da su. Kuɗi fa? A Jamus da Holan da Suwidin ɗalibin digirgir albashi ake biyan sa, a Amurka ana yafe kuɗin makaranta a ba shi na abinci da haya. Za ki ci, za ki biya ɗaki, za ki ɗan aiko wa Mama wani abu da salla. Ƙawarki ta banki za ta riga ki sayen mota da shekaru masu yawa. Abu ɗaya da zan ja miki kunne a kai: kada ki yarda a sayar da gona ko fili don ki biya kuɗin digirgir a kimiyyar lab. Lab ɗin da ke son ki shi ke biya.

Ni a shekarata ta farko a Turai ƙwayoyin da nake kiwo sau uku suna lalacewa. In zo da safe in ga ruwan da ya kamata ya zama ja garau ya koma ɗorawa ya yi dusu-dusu, bakteriya ta shiga. Na yi kuka a banɗaki, na ɗauka hannuna ne ba shi da albarka. Wata ma'aikaciyar lab, tsohuwa wadda ba ta da ko digiri na biyu, ta tsaya a bayana yini guda ta gano hannun rigata ne ke gogar bakin kwalba. Da na dawo gida kuma, a wani ɗakin gwaji da ba zan ambata ba, wuta ta ɗauke a hutun ƙarshen mako, janareta ba mai, firiza ta narke da samfurin jinin da muka yi wata takwas muna tarawa. Tun daga ranar ba na ajiye samfur a wuri ɗaya, kuma lambar mai gadi tana cikin wayata kusa da ta maigidana.

Me za ki yi yanzu, kina aji huɗu? Ki zaɓi aikin kammala digiri wanda zai sa hannunki ya taɓa kayan aiki da gaske, ko da ciro DNA ne daga jini da yin PCR, wato hanyar kwafar DNA ya yi yawa. Ki ɗauki darasin garkuwar jiki da muhimmanci fiye da CRISPR kanta, domin almakashin cikin 'yan watanni ake koyon sa, sanin inda za a yanke shi ne aikin shekaru. Ki koyi lissafin ƙididdiga da ɗan rubutun manhaja, R ko Python, wannan kwamfutar hannu da data kawai yake buƙata. Kuma ba lallai sai kin fara da Turai ba. Akwai cibiyar bincike ta WACCBIP a Jami'ar Gana da ke Legon, akwai ta ACEGID a Jami'ar Redeemer's da ke Ede a jihar Osun ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, duk suna horar da ɗalibai da kayan aiki na zamani. Akwai tallafin DAAD na Jamus da na Commonwealth, in kuma kika samu aikin koyarwa a jami'ar gwamnati akwai TETFund. Idan za ki rubuta wa wani farfesa, ki karanta takardarsa guda ɗaya da kyau ki yi masa tambaya a kanta. Wasiƙar da aka kwafa aka aika wa mutum hamsin daga layin farko ake gane ta.

Kada kuma ki ɗauka sai mai biliyoyi ke gano abu. Ita CRISPR ɗin, wani ɗalibin digirgir a Jami'ar Alicante ta Sifen, Francisco Mojica, yana cikin waɗanda suka fara lura da ita wajen 1993, a jikin wasu ƙananan halittu da ke rayuwa a tafkunan gishiri na Santa Pola. Shekara goma yana kallon wasu jerin haruffa masu maimaita kansu kafin ya gane garkuwa ce da bakteriya ke ajiye hoton abokan gabanta a ciki. Manyan mujallu suka yi ta mayar masa da takardar, sai 2005 ta fito. A 2007 masu binciken wani kamfanin da ke harkar ƙwayoyin yin yogot, Danisco, suka tabbatar da maganarsa. Sai 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka mayar da ita almakashi, suka karɓi Nobel a 2020. Mojica ba ya ciki.

Batun aure ba ki tambaya ba, amma na san yana cikin lissafin Baba ko bai furta ba. Da goyo na rubuta rabin kundina. Yana yiwuwa, sai dai ki yi maganar da duk wanda zai nemi aurenki tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa, ki faɗa masa ƙwayoyin da ake kiwo ba su san Asabar da Lahadi ba. Shi kuma Baba, kada ki je masa da mafarki, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ki je masa da takarda: ga makarantu biyar da zan nema, ga masu biya, ga ranar rufe kowace, in shekara biyu ta wuce ban samu ba zan karɓi shawararka.

TAMBAYA: Dakta barka da aiki. Yayata ce aka ce tana da sankarar mama, likitoci sun ce a yi aiki sannan a yi kemo. Sai ga wani bidiyo a WhatsApp yana cewa an gano maganin ciwon daji da sojojin jiki, allura ɗaya an gama. Dangi sun ce a dakata da yankan a haɗa kuɗi a kai ta Indiya. Mene ne gaskiya? Daga wani ɗan kasuwa, Maraɗi.

AMSA: Malam, Allah ya ba Yaya lafiya, ya sa kaffara ne. Don Allah kada a dakata da aikin ko na mako ɗaya saboda wannan bidiyo.

Magungunan CAR-T da hukumomin Amurka da Turai suka amince da su na kansar jini ne: wasu nau'o'in sankarar jini, sankarar kaluluwa, da wata ta ɓargo da ake kira mayeloma. Babu na mama a cikinsu. Dalili kuwa, alamar CD19 da sojojin ke farauta tana jikin ƙwayoyin B ne, wani rukunin fararen ƙwayoyin jini, marasa lafiya da lafiyayyu, kuma mutum na iya rayuwa ba su in ana yi masa ƙarin sinadarin garkuwa lokaci-lokaci. Kansar da ta yi ƙullutu a mama ko huhu ko hanji ba ta da irin wannan alama mai tsabta. Abin da ke jikinta sau da yawa yana jikin lafiyayyen nama, in ka saki sojoji sai su haɗa da gida su ƙona. Ga shi ƙullutun yana kewaye kansa da sinadaran da ke kashe wa sojojin gwiwa. Ana ta bincike a kai, amma bincike daban, magani a kanti daban.

Gaskiya ne Indiya ta yi nata CAR-T, NexCAR19, aikin haɗin gwiwar cibiyar fasaha ta IIT Bombay da asibitin Tata Memorial, aka amince da shi a Oktoba 2023 a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na farashin Amurka. Abin burgewa ne, amma shi ma na kansar jini ne. Kuma ba allura ɗaya ba ce a tashi a tafi gida: akwai kemo kafin a saka, akwai makonni na sa ido a asibitin da ke da sashen kulawa ta musamman.

Abin da za ku tambayi likitanta shi ne: an gwada naman da aka ciro don sanin ER da PR da HER2, wato alamomi uku da ake dubawa a jikin ƙwayoyin sankarar? Amsar ce ke nuna maganin da ya dace. In ER ce, akwai ƙwayoyin sha irin su tamoxifen da ba su da tsada sosai. In HER2 ce, akwai trastuzumab. In duka ukun babu, a nan ne wani maganin garkuwar jiki, pembrolizumab, ke shigowa ga wasu mata, tare da kemo. Shi yana cikin magungunan da ke sake birkin sojojin jiki, binciken da ya sa James Allison da Tasuku Honjo suka samu Nobel a 2018. Kuɗin da dangi suka fara haɗawa a riƙe su, kemo da gashi da na'ura da zirga-zirga za su buƙace su.

TAMBAYA: Malama, wannan gyaran ƙwayoyin gado da ake ta magana, ba canza halittar Allah ba ne? Daga wani malamin Islamiyya, Kumasi.

AMSA: Allah gafarta Malam, fatawa taku ce, ni ba zan shiga gonarku ba. Abin da zan iya shi ne in shimfiɗa muku yadda aikin yake don hukuncin ya sauka a kan abin da ake yi da gaske.

Iri biyu ne, kuma tsakaninsu akwai rata mai faɗi. Na farko ana gyara ƙwayoyin jikin majiyyaci ne, na jini ko na ɓargo, da izininsa, don a cire masa cuta. Gyaran yana tsayawa a kansa, 'ya'yan da zai haifa ba sa gadon sa. Duk magungunan gyaran gado da na ambata a sama irin wannan ne, kuma a ganina ya fi kusa da dashen ɓargo ko ƙarin jini. Na biyu shi ne a taɓa maniyyi ko ƙwan mace ko ɗan tayi tun yana 'yan kwanaki, wanda zai bi zuriya har jikoki da tattaɓa-kunne, mutanen da ba a nemi yardarsu ba.

An taɓa yin na biyun. A Nuwamba 2018 wani masani a ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar cewa an haifi tagwaye mata da ya gyara wa CCR5 tun suna 'yan tayi. Masana na duniya suka yi masa ca, domin babu wata larura da ta tilasta, akwai hanyoyi masu sauƙi na kare jariri daga HIV, kuma gyaran ma bai fita yadda ya nufa ba. A ƙarshen 2019 kotun ƙasarsa ta ɗaure shi shekara uku. Ƙasashe da dama sun haramta wannan a dokarsu. Almakashin yakan yi kuskure ya yanki inda ba a aike shi ba, kuma kuskure a jikin mutum ɗaya da ya yarda ba ɗaya yake da kuskuren da za a raba wa zuriya ba. Da za ku gayyaci likita ko masanin fannin ya zauna da ku a majalisi kafin ku yi wa ɗalibai bayani, da na ji daɗi.

TAMBAYA: Dakta, ɗana ɗan shekara 9 sikila ne. An ce mini yanzu ana warkar da ita da CRISPR. Ina ake yi? Daga wata uwa, Gusau.

AMSA: 'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, na san daren da ba a barci. Labarin gaskiya ne. Sunan maganin Casgevy, Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka a Disamba. Mace ta farko mai sikila da aka yi wa a Amurka, Victoria Gray, a 2019 aka yi mata a Nashville, kuma ta rabu da ciwon da ke kwantar da ita a asibiti.

Dabarar tana da kyau ƙwarai. Kin lura jariri mai sikila ba ya fara ciwo sai ya yi wata biyar ko shida? Saboda jinin da ya zo da shi daga ciki wani iri ne da ba ya lanƙwashewa. Daga baya wata ƙwayar gado mai suna BCL11A take kashe shi, na manya ya karɓi wurin. Masana a Boston, Stuart Orkin da ɗalibinsa Vijay Sankaran, suka nuna haka a 2008. To da CRISPR ake lalata makunnin a ƙwayoyin ɓargo, jinin jarirai ya dawo.

Sai abin da bidiyo ba ya faɗa. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. An amince da shi ne da farko ga masu shekara 12 zuwa sama. Kafin a mayar da ƙwayoyin da aka gyara sai an share tsohon ɓargo da kemo mai ƙarfi, wanda zai iya hana haihuwa, sannan a kwanta makonni a asibiti. Abin da ke ci mini rai shi ne Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, ana ƙiyasta jarirai 150,000 a shekara, maganin kuma yana can inda masu ita ba su da yawa. Shi ya sa na daɗe a kan wasiƙar ɗalibar Zariya.

A gida akwai dashen ɓargo daga ɗan'uwa wanda jininsu ya dace, an fara yin sa a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, shi ma da tsadarsa da haɗarinsa. Abin da ke hannunki yau: ki tambayi likitansa ko ya dace a ɗora shi a kan hydroxyurea, wadda ita ma jinin jariran take ƙarawa, ko da ba ta kai gyaran gado ba. A shekarunsa ya kamata a riƙa yi masa hoton jijiyoyin kai da ake kira TCD sau ɗaya a shekara don gano haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun da wuri. Gidan sauro, rigakafi, ruwa da yawa, rigar sanyi da hunturu, kuma zazzaɓi ko kaɗan ne a kai shi asibiti a ranar. Ki rubuto mini bayan kin ga likitan, ki faɗa mini abin da ya ce game da maganin.